Bidi Ya Fara Ja da Baya

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi, ya ba ku ladan jinya. Na rubuto ne tunda ka daina ɗaukar wayata, ita takarda kuwa ba a kashe ta.

Shekaranjiya ina barga ina goge Bidi, sai ga wani mai amalanke da igiya a kafaɗa, wai ya zo ɗaukar dokin da ka sayar masa. Na ɗauka ɓatan kai ya yi. Sai da ya kwatanta ka har tabon goshinka. Na ce ya koma inda ya fito, na rufe ƙofa. Yaya, dokin Baba ne fa za a ɗaura wa amalanken bulo?

Kai ba ka ga yadda ya koma ba bayan an tafi da Baba wurinku. Tun ranar da suka zame tare a kan kwalta, Baba ya karye a ƙugu, Bidi ya yi watanni a turke ba mai hawa. Gadon bayansa ya lotsa, kuturinsa ya zube, ƙashi ya fito har ka iya rataya hula. In zai juya, sai ya ja ƙafafun baya kamar na aro. Likitan dabbobi ya ce wannan ba ta allura ba ce, aiki yake so, kuma kada kowa ya hau shi tukuna.

To, aikin na yi. Kullum kafin in buɗe shagon ɗinki nake jan sa da ragama, mu hau tudun bayan makaranta a hankali, mu gangaro a hankali. Na jera itatuwa a ƙasa yana tsallakawa don ya riƙa ɗaga ƙafa. Nakan sosa masa ciki har ya ɗago baya, in riƙe karas a gefen cinyarsa ya lanƙwaso ya ɗauka. Ya taka ni, farcen babban yatsana ya fita. Maƙwabta har tsiya suke mini, wai doki ya samu mai raino. Duk na faɗa maka a waya, kana ta to, to, ashe hankalinka yana wani wuri.

Ruwa ba ya tsami banza. Ka faɗa mini dalili, kuma kada Baba ya ji wannan magana.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gaida yara da uwarsu, ina yi wa Baba sannu da jiki. Amsarka ta iso. A tsaye na fara karantawa, sai da na nemi wuri na zauna.

Wato da bakina na ce maka Bidi ya fara ja da baya, shi ne ka ga gara a rabu da shi tun yana da sauran amfani. Eh, na faɗa. Da murna na faɗa. Ja da baya horo ne, Yaya! Gabansa nake tsayawa, in taɓa ƙirjinsa, ya taka da baya, ƙafa bayan ƙafa, a miƙe. Shi ke sa doki ya tattaro ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, nauyi ya koma kan kuturi. Da farko ko taku ɗaya ba ya iyawa, sai cinyoyinsa su hau karkarwa. Ranar da na kira ka, da baya ya hau tudu. A ce ɗan mai doki, wanda ya tashi da warin barga a riga, bai san wannan ba? Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Kuma ko tambaya ɗaya ta gagare ka.

Amma ƙarshen takardarka ne ya fi ƙona mini rai. Ashe tuntuni ka kai wa Baba maganar da ɗuminta, kuma shi ya ce a sayar. Ka ce tun ranar ya jingine sandarsa, ya daina zagayen tsakar gida da likita ya sa shi, ya juya fuska bango. Ka rubuta wannan a layi ɗaya, ko a jikinka. Mutumin da bai yarda ya miƙe daga gado ba sai don ya sake hawa dokinsa.

Ga wata takarda nan a ciki, tasa ce. Ka karanta masa yadda take, kada ka rage, kada ka sa mata zuma.

Ƙanwarka da ba ta huce ba,
Auta

Zuwa ga Babana,

Ina durƙusawa da gaisuwa. Ya ƙarfin jiki, ya ƙafar? Allah ya tashi kafaɗunka. Ina kewarka, gidan ya yi mini girma. Kuma ina fushi da kai, abin da ban taɓa faɗa maka ba.

An ce ka ce tsoho ɗaya mai ja da baya ya ishe ni wahala, ba sai biyu ba. Wa ya kawo maka ƙara? Kai ka koya mini cewa ba a yanke wa doki hukunci a bakin wani, sai an ɗora hannu a bayansa. Ja da bayan da na ce, irin naka ne, wanda kake sa shi yi a bakin barga. Da ni ka tambaya, da ka gane nan take. Bayansa ya ciko, kuturinsa ya yi tsoka. Likitan dabbobi ya bi gadon bayan yana dannawa, ko kunne bai motsa ba, ya ce a sa sirdi. Na sa, na ɗaure majayi, amma ban hau ba. Ba ni zan fara ba.

Mai amalanke ya dawo. Ya ce ciniki ya faɗa, kuma mai doki da kansa ya amince. Gaskiyarsa, ban musa ba. Na dai ce masa ajiya aka ba ni, ba na miƙa ragamar da ba tawa ba. Dokinka ne, Baba, in ka ga dama ka sayar. Amma ka san mota ba ta shiga daga ƙofar gida zuwa barga, kuma na rantse ba wanda zai ɗauko ka a kujera. Ka tako da ƙafarka, ka dafa bayansa, ka kwance shi daga turke, ka miƙa wa mutumin ina kallo. In ka yi haka, ni zan buɗe musu ƙofa.

Mutumin ya tambaye ni yaushe za ka zo. Na ce ban sani ba, kai za a tambaya. To, Baba, yaushe?

'Yarka mai jiranka,
Auta