Ƙosai a Shafin Ƙarshe

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa daga Gaya. Ina gajiya, ina maigida da yara? Mu lafiya lau.

Kullum da hantsi surukina yakan saɓa 'yar nan tawa a kafaɗa, su tafi bakin kogi kallon jirage, yana kiranta amaryarsa. Jiya suka dawo da ƙosai ƙunshe a takarda. Yaya, shafin ƙarshe ne na littafin da kika aiko mini! Man gyaɗa ya cinye rubutun. Wai, "Ai boko ne, amaryata kuwa ƙosan na ƙona mata hannu." Suruki ne, sai na durƙusa na ce sannu da dawowa.

Ki sa ni a addu'ar haƙuri, ki gaida Inna. Don Allah rubuto mini, matafiyin nan na cikin littafin ya komo wurin matarsa kuwa?

Ƙanwarki,
Rabi