Ɗan da Ke Zuwa Ranar Waƙa

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, ciwon bayan ma da sauƙi.

A gidan tsofaffin da nake aiki, duk Laraba ana kunna kiɗa, kowa ya bi waƙa. Ranar kaɗai ɗan tsohuwar da nake jinya yake zuwa. Ya wage baki yana rerawa, yana ɗaukarta a waya, ita kuwa ƙafafunta sun kumbura suntum. Ko kallonsu ba ya yi. Waƙa na ƙarewa ya kama gabansa. Wallahi ƙyamarsa nake ji.

Sai na tuna ni ma shekara biyu murya kawai nake aiko wa Inna. Don Allah ki matsa mata ƙafa a madadina.

Ƙanwarki.