Kwata Huɗu da Buhun Geron Inna

Zuwa ga Malam, Shugaban Kwamitin Sa-ido kan Tarbiyya na unguwarmu ta Bakin Tasha, Ƙauran Namoda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Allah shi gafarta Malam. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Ni ne Bello, wanda anka fi sani da Dogo mai gyaran rediyo, wanda shagonsa ke kallon ƙofar tasha. Na san za ka ce mi ya kai Dogo ga rubutu a jarida alhali zaurenka a buɗe yake. Dalili shi ne abin da ya same ni a bainar jama'a ya same ni, don haka nake son godiyata da roƙona su ma jama'a su ji su. Ga maganar daki-daki, saboda waɗanda rabinta kawai sunka ji.

Na ɗaya, yadda abin ya shigo shagona. Abokina Mamman ɗan Zurmi direban babbar mota ne, yana ɗaukar shanu daga kasuwar Shinkafi zuwa Ikko. A wata tafiya ya ci karo da kwalin tsofaffin kaset na bidiyo, ya ga an rubuta futbol a jikinsu, ya kwaso su yana murna ya samo mana ƙwallo. Da munka sa na farko sai ga wasu ƙatti sanye da hular kwano, kafaɗu a cushe, ƙwallon kamar gwanda, kuma da hannu ake jifarta. Mamman ya dafe kai ya ce mutanen Ikko sun cuce shi. Allah ya sa Malam Lawali, mai koyar da motsa jiki a sakandare, yana zaune yana jiran in gama masa gyara. Shi ya saurari Turancin masu sharhi ya ce mana wanga shi ne ƙwallon Amurka. Ya ce wasan kashi huɗu ne, kowane kashi ana ce masa kwata, kuma mutumin da ke tsaye bayan ƙattin yana jifa sunansa kwatabak. Mu dai mai jifa muke ce masa. Kafin ka ce mi, mun kamu. Bayan La'asar, in akwai wuta, mukan saki labule saboda hasken rana na kashe hoton talabijin, mu zauna mu uku ko huɗu.

Na biyu, gardamar da ta jawo mini. A cikin kaset ɗin akwai wani mai jifa na masu jar riga, siriri mai tsawo. Ni na ce duk cikinsu babu kamarsa, sai Mamman don tsokana ya laƙa masa sunana, ya koma Dogo. Ra'ayina shi ne mai jifa shi ne wasan. Shi ke ganin fili, shi ke tsayawa ƙatti na rugowa su danne shi amma ba ya sakin ƙwallo sai ya ga mutuminsa. Mamman kuwa ya ce sam. Shi gwaninsa wani tsoho ne mai tumbi da ke tsaye a gefen fili da abin magana a kunne, wato koci. Ya ce mai jifa yaron mota ne kawai, tsohon nan shi ne direba, in mota ta faɗa rami ba yaron mota ake tambaya ba. Na ce masa to in haka ne tsohon ya ajiye tumbinsa ya shigo ya jefa mu gani. Malam Lawali ya ce dukkanmu mun ɓata, a yaba wa ƙattin da ke tare gaba, don in sun buɗe hanya ko wane ne mai jifa sai ya ci ƙasa. Ba mu saurare shi ba, don maganarsa ba ta da daɗin musu.

Inda abin ya fi zafi shi ne wani wasa da masu jar riga sunka yi ta ci har kwata uku, a ta huɗu anka kayar da Dogo, ya tashi da kyar, ya yi jifa guda ɗan abokan hamayya ya cafke, wasa ya juye. Na ce laifin koci ne da ya sa shi jifa alhali gudu ya kamata a yi. Mamman ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ashe in an ci Dogo ne gwani, in an faɗi kuma tsoho ne mai laifi. Mun maido da wurin nan baya har kaset ya fara taunewa, na buɗe shi na liƙa.

Na uku, abin da kunnen Malam Sada ya ɗauka. Malam Sada tela maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba mu, kuma ɗan kwamitinka ne. Ran nan yana kan kekensa ya ji muryar Mamman ta bayan labule yana cewa, "Kun sha daɗi a kwata uku, ta huɗu ce ta kayar da Dogo, ko tashi ba ya iyawa!" Allah shi gafarta Malam, duk wanda ya san Ƙaura kafin a rufe gidajen giya na bayan layin dogo ya san kwata ita ce 'yar ƙaramar kwalbar nan da mashaya ke sakawa a aljihu. Ga labule a sake, ga ihu, ga kuma Dogo guda da Malam Sada ya sani a duniya, wato ni. Da ni ne a kan keken nan, wallahi abin da zan fahimta ke nan.

Washegari 'yan kwamiti sunka zo sunka birkice shagon. Ba su sami ko murfin kwalba ba, sai robar man da nake goge kan kaset da shi, ita ma sai da sunka sansana. Sunka tafi da bidiyo da kwalin kaset, sunka sa wa shagon kwaɗo. Bayan Magariba anka yi sanarwa a lasifikar masallacin unguwa cewa ana binciken wani mai gyaran rediyo a bakin tasha kan tara mashaya. Ba a faɗi suna ba, amma mai gyaran rediyo nawa ne a bakin tasha? Ina cikin sahu na ji. Kuma lasifikar nan ni na gyara ta da hannuna kafin azumi, shi ya sa maganar ta fita tas har cikin kasuwa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na huɗu, godiya, kuma ita ce ta fi yawa a zuciyata. Ni ina cikin waɗanda sunka hau bayan mota zuwa Gusau ranar da anka ƙaddamar da Shari'a, na yi kabbara har muryata ta dushe. Na san hukuncin mashayi bulala tamanin ne a gaban jama'a. Akwai waɗanda sunka matsa maka a miƙa ni kotu tun da zafi, ka ce ba za ka kai Musulmi gaban alƙali da shaidar bango ba. Ka sa anka kawo bidiyon zaurenka, ka kira ni da Mamman da Malam Lawali da Malam Sada, ka ce a sa kaset ɗin da ake magana. Kai da ko rediyo ba ka cika saurare ba sai labarai, ka zauna ka kalli ƙattin nan suna ture juna. Da anka zo kwata ta huɗu anka kayar da mai jar riga, Mamman ya manta inda yake ya ce, "Ga Dogo nan ƙasa!" Na ga ka kai gefen rawani baki, kafaɗunka na rawa. A lokacin na san na tsira.

Ka maido mini da kayana cif, ko waya ɗaya ba ta ɓata ba. Ka ce kallon ba laifi matuƙar ba ya cin lokacin salla kuma babu caca, sai dai a riƙa tsallake wurin 'yan matan nan masu rawa a gefen fili, na ce maka dama yatsana a kan maɓallin yake tun ranar farko. Ka riƙe hannuna ka ce in yafe. Malam, mutum kamarka, mai furfura da ɗalibai, ya ce wa mai gyaran rediyo ya yafe! Na fito daga zaurenka ina share ido. Allah shi saka maka da alheri, shi jiƙan mahaifa. Wanga abu ba zan manta da shi ba har in mutu.

Akwai wata magana da ka yi a zauren da nake son in tuna maka. Ka tambayi Malam Lawali wa ke gaya wa mai jifa inda zai jefa. Ya ce tsohon nan na gefe, shi ke tsara abin, mai jifa ya aiwatar. Sai ka ce to ai mai raɗa a kunne yana da kaso a cikin ladar da laifin. Mamman ya kusa tashi sama don daɗi, har yau ya hana ni sakat a tasha, wai malamai sun yi fatawa. Ni ban sauka daga ra'ayina ba, hannun da ya saki ƙwallo shi ya sake ta. Amma na karɓi rabin maganar, kuma da ita zan roƙe ka.

Na biyar, abin da ya rage. An ɓata ni a lasifika, an wanke ni a zaure. Mu biyar munka ji wankin, ɓatancin kuwa duk Ƙaura ta ji, direbobi sunka ɗauke shi zuwa Zurmi da Shinkafi a kyauta. Yara na kirana Mai Kwata. Masu kawo rediyo sun ragu. Duk wanga zan iya haɗiye shi, aiki yakan tafi ya dawo. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Innata.

Inna tana Moriki, ta tsufa, idonta ya yi rauni, ni ke ciyar da ita. Na aika mata buhun gero kamar yadda na saba, motar da ta kai shi ita ta dawo da shi. Saƙon da ta ba direban shi ne a ce wa Bello ba ta cin tuwon kwalba. Na rufe shago na tafi da kaina, na durƙusa, na rantse mata, na yi ƙoƙarin yi mata bayanin kwata da kwatabak. Malam, ka taɓa gwada yi wa tsohuwa bayanin ƙwallon da ake yi da hannu kuma sunanta ƙwallon ƙafa? Tana saurare tana girgiza kai, daga ƙarshe ta ce wagga magana ma ta mashaya ce. Na kai mata Mamman shaida, ta ce ai tare muke sha. Ta ce malamai sunka faɗa a masallaci, in ƙarya ne malamai su janye a masallaci. Yanzu a gidan ƙanenta take karɓar ɗan abin da ya samu, shi ma da nasa nauyin. Ta rame. Buhun yana nan jingine a shagona, kullum da shi nake fara haɗa ido.

Saboda haka ga roƙona, guda uku.

Na farko, a yi sanarwa a lasifikar da anka yi ta farko, a faɗi sunana wannan karon, a ce an bincika ba a same ni da komai ba. In son samu ne ranar Juma'a, lokacin da 'yan Moriki masu kawo hatsi ke cikin gari, kuma da muryarka. Inna ta san sunanka, maganarka za ta ɗauka.

Na biyu, a mayar da Malam Sada cikin kwamiti. Na ji an dakatar da shi, kuma yanzu shi ake yi wa dariya, har ya daina zama a ƙofar shago. Shi abin da ya ji ya kawo, kamar yadda anka umurce shi. Bai hau lasifika ba, kuma ba a hawanta sai da izininka. Ban faɗi haka don rashin kunya ba, Allah ya sani. Maganarka ce ta zaure nake maido maka, cewa na gefen fili yana da kasonsa. Kada a bar mai jifa ya ɗauka shi kaɗai. Ni na yafe masa, shi ma ya ɗinka wa ɗiyata riga ya ƙi karɓar komai, mun gama.

Na uku, nan gaba a riƙa yin abin da ka yi a zaure kafin a taɓa lasifika, ba bayan an taɓa ba. Mu mutanen tasha bakinmu cike yake da kalmomin da munka tsinto a hanya, wanda ya ji mu ta bayan bango zai iya ɗaure rabin gari.

Allah shi ƙara maka lafiya da nisan kwana, shi ba ka ikon riƙe amanar da jama'a sunka ɗora maka, shi zaunar da wagga sabuwar jiha tamu lafiya. In ka sami sarari wata La'asar, labulen shagona a ɗage yake yanzu, akwai kujera, ka zo ka raba mu da Mamman a kan wani kaset da ba ka gani ba.

Na ji an ce lasifikar ta fara shaƙewa tun da anka daina kawo mini ita. A aiko da ita kafin Juma'a, zan gyara ta kyauta, in ƙara mata ƙarfi. Na riga na yi magana da direban da zai kai buhun Moriki ranar Asabar, kuma na ce masa wannan karon ya dawo da mota wayam.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Bello Dogo mai gyaran rediyo,
Bakin Tasha, Ƙauran Namoda.