Murfin Kwanon Poi

Wai'anae, 3 ga Maris

Goggo Puanani,

Aloha, tare da gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ƙafa, yaya gonar gwaza? Buhun gwazan da kika aiko ya iso, yaranmu ashirin da uku sun yi masa wasoso.

Goggo, na yi ɓarna. A cikin yaran da ke zuwa gidan ƙungiyarmu bayan makaranta su ci, su yi wanka, su yi karatu kafin su koma tantinsu a bakin teku, akwai wata Hiwalani, 'yar shekara tara. Ita da ubanta Kaleo a mota suke kwana. Da farko ko sunanta ba ta iya faɗi, yanzu ita ke ba da waƙa. Jiya na ba ta takardar rajista ta kai masa ya sa hannu. Sai ga Kaleo a ƙofa, kamar zai haɗiye ni.

"Sunanta za ki rubuta ki kai, a zo a ƙwace min ita? Na san irinku!"

Kin dai san bakina. Na ce, "Irinmu ne ke wanke mata kai!"

Ya ja hannunta suka tafi. Ya ce Juma'ar sama zai zo ya kwashe littattafanta, kuma ta bar zuwa ke nan. Ina son yarinyar nan, Goggo, raina duk a jagule yake. Yaya zan yi?

'Yarki,
Momilani

Halawa, Moloka'i, 7 ga Maris

Zuwa ga 'yata Momilani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ƙafa da sauƙi. Gwaza yana nan lafiya, kuma ya fi ki hankali.

Bakin nan na uwarki ne, ba ki rage ko kaɗan ba. Mutum abu ɗaya tak ya rage masa a duniya, kin miƙa masa takarda a kansa. Me kike jira, ya taka miki rawa?

In ya zo kada ki tare shi a ƙofa. Shigo da shi, ki zaunar, ki buɗe kwanon poi, kirɓaɓɓen gwazan nan namu. In dai tsohuwa ta taɓa renonsa, ya san a al'adarmu gwaza yayanmu ne, kuma ba a faɗa a gaban yaya muddin kwano yana buɗe. Dokar ta hau kanki ke ma, ke ce ma kan gaba.

Ki gaida yara.

Goggonki,
Puanani

Wai'anae, 16 ga Maris

Goggona ta kaina,

Gaisuwa a gurguje, labari na cina!

Ya zo, Hiwalani na biye da shi. Ya cika ya yi fam. Na ce, "Shigo ka ci abinci." Ya ce ba ci ya kawo shi ba. Na buɗe kwano. Goggo, da kin ga mutumin nan! Ya buɗe baki, ya dubi poi, ya mayar da bakin ya rufe, ya cire hula ya zauna.

Muka ci abinci. Da muka gama ya ce a hankali, haƙora a cije, "'Yar'uwa, rufe kwanon nan, ina da magana."

Ni ma ina da tawa, har ta kai min wuya. Na laluba, babu murfi. Ƙarƙashin tebur babu, kicin babu. Hiwalani tana zaune ta harɗe hannu, fuskar nan kamar ba ta taɓa jin an ce murfi ba.

Dole muka yi maganar a gaban yaya, murya ƙasa-ƙasa kamar masu gaida marar lafiya. A nan na ji abin da ihu ya hana ni ji. Yana ɗan shekara goma wasu jami'ai suka zo da takarda suka raba shi da kakarsa, bai sake ganinta ba. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Na karanta masa takardarmu layi-layi, na ce, "Ba mu raba kowa da kowa a nan. In mun ɗauki ɗa, har da ubansa muke ɗauka."

Ya jawo kwanon gabansa. Sai ya lakaci poi ya ce, "Wa ya kirɓa wannan? Duk gudaji!"

Na ce, "Ni ce. In ka fi ni, ga dutsen kirɓi ga katako."

Ashe gwani ne, kakarsa ta koya masa! Ya sa hannu a takarda. Yanzu kullum da yamma yana koya wa yara kirɓi, Hiwalani na ba da waƙa, ni kuma an kore ni daga wajen dutse. Farin ciki ya cika ni har ba na jin zafin korar.

Murfi dai har yau shiru.

Taki har kullum,
Momilani

Halawa, 24 ga Maris

Momilani,

Bayan gaisuwa, ki daina neman murfi. Jiya gidan waya suka kawo min shi a ƙunshe. Adireshin da ke jikin buhun gwazana aka kwafa. A ciki akwai 'yar takarda da rubutun yara: "Kaka, ki ɓoye min wannan, kada ki ba su."

Rubutun bayan ƙunshin kuwa na babban mutum ne, har ya sa sunansa: Kaleo.

Na sa shi a ƙarƙashin gado.

Goggonki,
Puanani