Turare Don Wadda Ba Ta Mutu Ba

Anti Pui-king,

Ki taimake ni da shawara kafin ranar Laraba mai zuwa. Kaina ya kulle, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana ya iya riƙe ta.

Ni mai shagon taliya ce a Sham Shui Po, tebur shida, ni da mijina. Ina da ƙanwa ɗaya, bari in kira ta Lai-ha. Uwa ɗaya uba ɗaya, a kan gado ɗaya muka tashi a gidan gwamnati mai ɗaki guda, sai dai ita an ba ta fuska, ni an ba ni hannu. Ta auri ɗan wani mai jiragen dakon kaya, ta haye can saman tsauni inda masu kuɗin Hong Kong suke kallonmu ta taga. Shekara huɗu jaridu suka yi suna lasar takalminta. Kada ki tambaye ni me ta yi. Ba ta waƙa, ba ta wasan fim, ko ruwan zafi ba ta taɓa dafawa ba. Sana'arta sa kaya, shiga mota, fita daga mota. Ranar bikinta a teburin direbobi aka zaunar da ni, kuma da kunnena na ji tana gaya wa surukarta cewa ni ce mai kula da tsohuwarmu. Ba ta yi ƙarya ba, ni ce. Abin da ta manta ta ƙara shi ne tsohuwar ce ta haife ni.

Sauran labarin duk garin nan ya sani. Giya, ƙwayar barci, marin da ta zabga wa budurwar mijinta a filin sukuwar dawaki a gaban masu hoto, saki, sannan ƙawayen da suke sumbatar iska kusa da kuncinta suka watse kamar an jefa wa kaji dutse. Daga ƙarshe aka tsinci rigarta ta gashin dabba da takalminta a jirgin ruwan Macau. Jaridu suka ce ta faɗa teku. Har waƙoƙin makoki aka rubuta mata, daga bakin mutanen da ba su ɗaga wayarta ba tsawon shekara.

Anti, ba ta faɗa ko'ina ba. Buguwa ta yi ta manta kayanta, ta sauka daga jirgi. Washegari da safe ina tafasa romo sai ga ta a ƙofar baya, ba takalmi, ta ce, "Yaya, akwai abin ci?" Na je da ƙafata na gaya wa 'yan sanda tana raye, suka rufe takarda. Jaridu ba su tambaya ba, gawa ta fi mai rai kasuwa. Ni ma ban kira su ba. Shekara goma sha huɗu ke nan tana kicin ɗina tana ƙulla wantan, nama da jatan lande cikin fulawa. Ta yi ƙiba, kanta ya yi furfura, ta bar giya. Maƙwabta sun ɗauka 'yar ƙauyenmu ce da muka ɗauko daga Toishan. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kanta, ba mai ƙulla wantan kamarta a layinmu.

To, yanzu wasu sun tashi yin fim a kan rayuwarta. Daraktan ya zo shagona da kansa, wani siririn mutum mai gilashin ido da babu komai a cikinsa sai gayu. Ya riƙe hannuna biyu yana kirana Babbar Yaya, yana cewa shekara uku ya yi yana nazarin fuskar marigayiya, har mafarkinta yake yi. Ya sa aka kawo masa taliya, ya ɗauke ta hoto, bai ci ba. Kin san wa ya kawo masa kwanon? Ita. Ban san lokacin da ta fito daga kicin ba. Ta ajiye, ta tsaya a gabansa ta juyo masa gefen hagu, gefen da kullum take ba masu hoto. Ko ɗaga kai bai yi ba. Cewa ya yi, "Inna, ƙaro mana yaji." Mai nazarin shekara uku ke nan.

Abin da ya kawo shi ya fi wannan. Kin san 'yan fim ba sa kunna kyamara sai sun kafa tebur a waje, gasasshen alade, lemo, turare, kowa ya rusuna. Tunda labarin mamaciya ne, jarumar da za ta fito a matsayinta ta ce ba za ta sa ƙafa ba sai wani na jinin mamaciyar ya tsaya gaban hotonta ya kunna tsinken turare uku na farko, ya nema musu izini. Tsoron fatalwa take. Yarinyar da ta sa likita ya sassaƙe mata hanci don ya yi kama da na Lai-ha ba ta ji tsoron wuƙa ba, sai fatalwar matar da ke wanke min kwanuka. Iyayenmu sun rasu, na jini ni kaɗai na rage. Laraba ce ranar, boka ya zaɓa musu.

Ya bar min takardun labarin in karanta. Ƙarya ce daga bango zuwa bango. Sun mai da ita wata baiwar Allah mai raunin zuciya wadda take karanta littafi a bakin taga. Lai-ha ba ta taɓa gama karanta komai ba sai farashin jaka. Mijin da ya riƙa kulle ta a ɗaki sun goge shi tas, don danginsa na da lauyoyi. Ni ce ba ni da lauya, saboda haka ni ce muguwar. A ƙarshen fim ɗin ta zo ƙofata cikin ruwan sama, na rufe, ta wuce teku. Darakta ya ce idan na kunna turaren a gaban 'yan jarida, jama'a za su ga na nemi gafara, kuma hakan zai ba ni kwanciyar hankali. Na dube shi, na dubi ludayin da ke hannuna, na yi haƙuri.

Kowa ya san ba a kunna wa mai rai turare. Kiran mutuwa ne. Tsohuwarmu ko tsinken cin abinci ta ga mun soke a tsaye cikin shinkafa sai ta buge mana hannu, don ya yi kama da na matattu. Na zaci Lai-ha za ta firgita. Ina! Ta kwashi takardun ta karanta har sau biyu, karon farko da na ga ta kai ƙarshen wani abu. Ta ce, "Yaya, je ki kunna mana. Waccan ta fi ni kyau, kuma ta mutu da siririn ƙugunta." Tun ranar ta fara sa jan baki a kicin. Tana gwada yadda ya kamata jarumar ta yi tafiya a gaban madubin banɗaki. Shekaranjiya na shinshino giyar girki a bakinta, ta ce ɗanɗana miya ta yi. Miyarmu ba a sa mata giya. Mijina ba ya shiga tsakaninmu, abin da ya ce kawai shi ne, "Ku biyun nan, da darakta ya san ku, da bai wahalar da kansa da rubutu ba."

Idan na ƙi zuwa, za su ce muguwar yaya ta ƙi ko da turare, fim ya tabbata, masu ɗaukar bidiyo da waya su cika min ƙofar shago suna tofa min yawu. Idan na fasa ƙwai na ce tana raye, sunana ya wanku, amma za su dira a kanta kamar ƙuda, kuma na san inda hakan zai kai ta. Idan na kunna, na kira wa ƙanwata mutuwa da hannuna, da yardarta.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba. Akwai wani ɓangare na zuciyata da yake son in kunna. Na raina ta tana sama, na raina ta tana ƙasa, kuma na ji daɗin shekarun nan da take cewa "to, Yaya" in na ce ta goge tebur. Wani lokaci ina kallon bayanta tana aiki in ji tausayi ya kama ni, kafin in ankara haushin teburin direbobi ya dawo sabo. Ban san wanne ne ni ba. Me zan yi?

Taki,
Mai Ludayi

*

'Yar'uwa Mai Ludayi,

Na sauya sunaye da unguwa da sana'a kafin in buga wasiƙarki, kuma garin nan bai rasa matan da suka haska suka mutu murus ba, don haka masu son tsegumi sai su yi ta lalube. Amma ki lura da abu ɗaya. Mai son ɓoye sirri ba ya aiko wa jarida. Kin gaji da riƙe shi, kuma ba laifi ba ne.

Kada ki kunna turaren. Ba sai mun yi gardama kan ko hayaƙi na kashe mutum ba. Ƙanwarki ta yarda yana yi, ke ma kin yarda, kuma mace mai fama da kwalba ba ta bukatar ta ga yayarta ta rusuna wa hotonta ta ce mata sauka lafiya. Da ta ce ki je ki kunna, ba izini ta ba ki ba. Tambayarki take yi ko matar da ke kicin ta kai a bar ta da rai. In kin kunna, kin ba ta amsa.

'Yan fim ɗin nan ba su cancanci rashin barcinki ba. Mutumin da ya kasa gane fuskar da yake mafarki, ba Lai-ha yake so ba, rigar da aka tsinta a jirgi yake so. Sun ji tsoron mai lauya sun taka mai ludayi, sannan suna neman ki zo ki sa musu albarka a kan zagin da suka yi miki. Wannan rashin kunya ko a kasuwar kifi sai an tona. Ki je ofishin ba da shawarar shari'a na gundumarku, kyauta ne. A rubuta musu layi uku: iyali ba su amince ba, ba za su halarta ba, kuma abin da aka rubuta game da ke ƙarya ne da za a iya kai wa kotu. Ba sai kin ba da dalili ba. Kin riga kin san lagonsu, jarumarsu ba ta motsi sai da turarenki. Bari su zauna da aladensu ya huce.

Maganar tana raye kuwa, ba taki ba ce da za ki fasa don ki wanke sunanki. Rayuwarta ce. In wata rana ta ga dama ta fito, ta fito da hankalinta, da likita a bayanta, ba da warin giyar girki ba. Ki ɗauke kwalbar daga kicin yau, ki kai ƙanwarki asibiti cikin makon nan, kuma ki gaya mata kin shinshina. Kada ki yi kamar ba ki sani ba, gidanku ya sha isasshen shiru.

Yanzu ke. Ina tare da ke a kan teburin direbobi, wulakanci ne, kuma ban ji inda ta ba ki haƙuri ba. Kin buɗe ƙofar da duk masu sumbatar iska suka rufe, kin ciyar da ita shekara goma sha huɗu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma ba ki yar ba. Sai dai ki dubi ɗaya gefen. Ta ce ke mai aikin tsohuwarku ce na yini ɗaya. Ke kin bar maƙwabta suna ce mata 'yar ƙauye shekara goma sha huɗu. Kin rama, har kin yi ƙari. Jaridu sun binne ta a teku, ke kin binne ta a kicin, bambancin kawai naki kabarin akwai abinci. Kada ki yi mamaki don ta ga fim ɗin ƙarya ta rungume shi. Shi kaɗai ne wurin da aka ambaci sunanta da daɗi tun da ta sauka daga jirgin nan. Kin rubuto min cewa ba mai ƙulla wantan kamarta a layinku. Ni kin gaya min. Ita fa?

Raini abu ne mai daɗin riƙo, na sani, yana ɗumama mutum kamar tsohon bargo. Amma ba za ki iya riƙe shi ki riƙe ta a lokaci guda ba, ga shi tana zamewa.

Ranar Laraba ki rufe shago. Ki bar ta ta sa jan bakinta yadda take so. Ku fita ta ƙofar gaba, ku je gidan shayi ku zauna inda mutane suke, kuma duk wanda kuka haɗu da shi a layi, ki tsaya ki ce masa, wannan ƙanwata ce. Ba sai kin faɗi suna ba. Ina jin rabonta da ta ji wannan kalma daga bakinki a gaban mutane ya fi rabonta da masu hoto daɗewa.

Ina yi muku fatan lafiya da tsawon kwana, ku duka biyun.

Anti Pui-king