Jan Ƙyalle a Layin Lemon Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan kalau muke, sai gwiwar Yaya Babba da ta ƙi jin magani. Kafin komai, ina sanar da kai a hukumance cewa kujerar robar nan ta ƙofar ɗakina ta yi ritaya ranar Talata, ina kanta, jarida a hannuna. Ba a yi asarar rai ba, sai ta mutunci.

To, zancen lambu. Raina a ɓace na ɗauki alƙalami, kuma da kai nake. Kana can nesa ka amince wa 'yarka Dakta da abokan aikinta su mai da lambun lemon Baba wurin gwaji, don sun sami tallafin bincike kan cutar nan mai sa ganye ya yi rawaya, 'ya'ya su karkace su yi ɗaci. Ban ƙi ba. Maganin nasu ba guba ba ne: taki a gindi, da feshin ruwan dogon yaro don korar ƙwaron da ke yaɗa cutar. Abin da ka ɓoye mini shi ne rabin itatuwan kaɗai za a yi wa. Sauran an ɗaura musu jan ƙyalle, an ce kada a taɓa su, wai da su za a kwatanta a ga ko maganin yana aiki. Kuma da ƙuri'a aka zaɓa, Auta, kamar yara na raba 'yan wasa! Ƙuri'ar ta faɗa kan layin bakin rijiya, wanda Baba ya dasa da hannunsa.

Na taka har ofishinsu. Ɗaki ɗaya, fanka tana kuka, ganyen lemo a leda jere kan tebur kamar majinyata a barandar asibiti. Na tambayi Dakta a wane littafi aka ce a bar mara lafiya ya mutu don a gane darajar magani. Ta russuna ta ce in yi haƙuri, kaka biyu ce kawai, in babu abin kwatance masu ba da kuɗin ba za su yarda ba, kuma lambunan mutane da yawa na jiran sakamakon. Na ce mata ina karanta littattafai tun ubanta bai iya ɗaure wando ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ke kallon ganyen layin Baba yana zuba kullum, ba kai ba. Don haka duk ranar da suka yi feshi suka tafi, sai in jiƙa nawa dogon yaron in bi masu jan ƙyallen, in zuba musu taki in rufe da ƙasa. Ban gaya wa kowa ba. Itatuwan kuwa suka farfaɗo.

Makon jiya masu tallafin suka turo wakili, da hular rana da takalmin da bai taɓa ganin laka ba. Ya zagaya, ya ce bai ga bambanci tsakanin masu ƙyalle da marasa ƙyalle ba, ke nan maganin aikin banza ne, kuma ƙarshen wata za a yanke ko a ci gaba da ba da kuɗin ko a rufe aikin. Mutumin da bai san lemo ba sai a kwalba! Dakta ta zo nan ta zauna a tabarma, ta kasa cin abinci, tana tambayata ko ruwan rijiyar ne ke da wani sirri. Na yi ta goge tabarau.

Ka gaishe da maiɗakinka, da Babangida, da 'yan biyu. Yaya da Gwaggo suna gaishe ku.

Na so in rufe wasiƙar nan laifin yana wuyanka, amma alƙalamin ya ƙi. Ni na yi kuskure: garin neman gira na tsone wa yarinyar ido. Gobe zan je in gaya mata, in kuma nemi mai hular kafin wata ya mutu. Ranar da wasiƙar nan ta same ka, ka kira ta bayan la'asar, za ta buƙaci ubanta.

Yayanka,
Malam