Na Haddace Aikin Zuciya, Na Kasa Gane Shi a Hannun Majinyaci

Zuwa ga Shugaban makarantarmu ta koyon aikin lafiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ɗalibarka ce 'yar ajin ƙarshe daga Jega Magaji. Tsoro ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Da daminar da ta wuce makaranta ta tura ni koyon aiki wani ƙaramin asibiti kusa da Karaye. Wata rana da hantsi Sista Nana, babbar ma'aikaciyar wurin, ta tafi Maiyama karɓo allurar rigakafi, ta bar ni. Sai ga wata mata ta riƙo mijinta, Malam Ɗanjuma, manomi, kwana biyu yana amai da gudawa. Na auna jininsa, na ga awon bai faɗi ba, hankalina ya kwanta. Na ji hannunsa sanyi ƙalau, bugun jininsa na gudu, matar ta ce tun jiya bai yi fitsari ba. Duk na rubuta a kati. Na ba shi ƙwayoyi, na ce ya je gida ya huta.

A bakin ƙofa suka yi karo da Sista tana sauka daga kabu-kabu. Ta kama wuyan hannunsa kawai, ta daka mini tsawa in kawo ledar ƙarin ruwa. Sai da aka yi masa ƙarin ruwa har la'asar kafin ya farfaɗo. Daga nan Sista ta juyo gare ni: "Mi anka koya muku jiki ka yi in ruwa ya ƙare?" Na zuba mata amsa kamar karatun allo: zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyi su tsuke don riƙe awon jini, ƙoda ta riƙe fitsari. Ta ce, "To ga shi nan kwance gabanki, ɗiyata."

Ranka ya daɗe, ga kukana.

Na ɗaya, ni na zo ta farko a darasin aikin sassan jiki. Na zana zuciya da ƙoda ba adadi, amma ba a taɓa sa ni na riƙe hannun mai rai an ce in faɗi abin da zuciyarsa ke ciki ba.

Na biyu, darasin a aji ɗaya muka yi shi, ba mu ga majinyaci ba sai a aji uku.

Matar Malam Ɗanjuma ta aiko mini da kwandon albasa, wai godiya. Ba ta san saura kaɗan in tura mijinta gida ya mutu ba. Na kasa taɓa ko ɗaya.

Ina roƙon a riƙa kai ɗalibai gaban gadon majinyaci tun suna aji ɗaya, kowane darasi a haɗa shi da ciwon da ake gani a ƙauyukanmu, a kuma gwada mu a kan mutum, ba takarda kaɗai ba. Mu da ke shirin fita, a taimaka a maimaita mana darasin kafin a ba mu takardar shaida. Wata huɗu suka rage a tura ni ƙauyen da babu wanda zai duba bayana, kuma wallahi ban shirya ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Rabi'atu